Tarihin Husumar Nukiliyar Iran

Shirin nukiliyar Iran, wanda ya zame wa manyan dauloli ƙarfen ƙafa fiye da shekaru ashirin, da hannun Amurka aka aza harsashinsa, domin a shekarar 1957, zamanin da Sarki Muhammad Riza Fahlawi yake babban amininta a Gabas ta Tsakiya, ƙasashen biyu suka ƙulla alkawarin amfani da makamashin nukiliya ta hanyar lumana, kuma a 1967 Amurka ta samar wa Iran ƙaramar tashar bincike a Tehran mai ƙarfin megawat 5. Iran ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a 1968, sa'an nan da arzikin mai ya yalwata, sarkin ya ƙudura gina tashoshin lantarki wajen ashirin, wani kamfanin Jamus ta Yamma ya fara aikin tashar Bushehr a 1975.

Juyin juya halin 1979 ya canza mai mulki, ya kuma canza hukuncin da duniya take yi wa shirin, alhali ilmin da injinan suna nan yadda suke. Jamusawa suka tafi, aiki ya tsaya. Amma yaƙin shekaru takwas da Iraƙi, daga 1980 zuwa 1988, wanda a cikinsa Saddam Husaini ya yi amfani da iska mai guba, jiragensa suka ragargaji Bushehr, manyan ƙasashe kuwa suka kawar da kai, ya dasa wa shugabannin Tehran yaƙinin cewa ba su da majiɓinci sai kansu. Daga nan suka sayi sirrin na'urorin tace yuraniyom a asirce ta hannun masanin Pakistan Abdul Ƙadir Khan, suka kuma yi kwangila da Rasha a 1995 ta kammala Bushehr.

Asirin ya tonu a watan Agusta na 2002, lokacin da wata ƙungiyar 'yan adawa da ke gudun hijira ta bayyana cibiyoyin Natanz da Arak. Shubuhar kuwa a nan take: na'urar da ke tace yuraniyom zuwa kashi 4 cikin 100 domin lantarki ita ce mai kai shi kashi 90 domin makami, bambancin niyya ce kawai da tsawon lokaci, niyya kuwa ba abin da sufeto zai auna ba ne. Iran ta kafa hujja da fatawar jagoranta Ayatullah Ali Khamenei mai haramta makaman nukiliya. Abokan husumarta suka kafa hujja da abin da ta ɓoye, musamman bayan fallasa cibiyar Fordo da aka haƙa cikin dutse kusa da Ƙum a 2009. Tun daga Disamban 2006 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara ƙaƙaba wa Iran takunkumi.

Wanda ya duba al'amarin da idon basira zai tarar cewa rikicin neman rinjaye ne a yankin kafin ya zama na yuraniyom. Isra'ila, wadda ba ta taɓa shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman ba, ba ta kuma taɓa amsa ko musanta mallakar su ba, ta riga ta rushe tashar nukiliyar Iraƙi a 1981 da ta Siriya a 2007, kuma ita aka zarga da kisan masanin Iran Muhsin Fakhrizadeh a 2020. Saudiyya kuwa, wadda take ganin hannun Tehran a Labanan da Siriya da Yaman, ta yanke hulɗa da ita a 2016, ba a daidaita ba sai a Beijin a 2023.

Sulhu mafi girma tsakanin Iran da manyan dauloli ya samu ne ranar 14 ga Yuli, 2015, a babban birnin Ostiriya, bayan ganawar sirri a Oman, inda Iran ta yarda ta tsaya a kashi 3.67, ta rage abin da ta tara zuwa kilo 300 har shekaru 15, a madadin sassauta takunkumi. Masu binciken hukumar makamashin nukiliya ta duniya sun yi ta shaidar cewa tana cika alkawari, amma Shugaba Donald Trump ya fitar da Amurka a watan Mayu na 2018, yana mai cewa yarjejeniyar ba ta taɓo makamai masu linzami da ƙungiyoyin da Iran ke ɗaure wa gindi ba. A 2021 Iran ta kai kashi 60, matakin da tashar lantarki ba ta buƙata.

Ranar 13 ga Yuni, 2025, Isra'ila ta kai wa Iran farmaki, aka yi kwana 12 ana musayar wuta, a ciki Amurka ta jefa bama-bamai a Fordo da Natanz da Isfahan. A watan Satumba kuma, bisa buƙatar Birtaniya da Faransa da Jamus, takunkuman Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ɗage ƙarƙashin yarjejeniyar 2015 suka dawo.