Rumbun Littattafai na Yamai

Ɗan'uwa mai karatu, ka san rumbu. Ko ya cika maƙil da hatsi, sai wanda ya san ƙofa ke ɗiba. Yau za mu ba ka labarin wani rumbu na Yamai wanda aka cika da littattafai.

Sa'ad da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, ba mu da jami'a, watau babbar lakkwal da ake shiga bayan an ƙare lise. Mai son ƙarin karatu sai ya tafi Dakar ko Abijan ko Faransa. A 1971 aka buɗe babbar makaranta a Yamai, a 1973 ta zama jami'a. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda ya yi bincike kan ƙarfin rana.

Jami'a ba ta yiwuwa sai da ɗakin littattafai. To, tun ba a buɗe ta ba, wani dattijo ya soma tari. Shi ne Bubu Hama, shugaban majalisar dokoki. Ya riƙa neman tsofaffin takardun malamai, na Larabci da na ajami, don kada su ɓace. Takardun nan suna ajiye a ma'aikatar binciken tarihi da al'adu da ake kira IRSH, wadda ta shiga ƙarƙashin jami'a a 1974. Yawansu ya kai wajen 4,000.

Amma tari kaɗai bai isa ba. Ɗalibi ya fito daga ƙauye, ya tarar da littattafai dubbai. Wane zai ɗauka? Nan ne aikin mai kula da ɗakin yake. Shi ke koya masa nema.

Da farko ya nuna masa tsari. A 1876 wani mutumin Amurka, Melvil Dewey, ya raba ilimi kashi goma, kowane da lambarsa. Ɗakunan littattafai da yawa a duniya suna bin irin wannan tsari. Littafin noma lamba 630, na lafiya 610, na tarihi 900. Kamar kasuwa ce: ƴan hatsi gefensu, ƴan koli gefensu. Dā sunan kowane littafi na bisa ƴar takarda cikin akwati. Yanzu an fi duba shi cikin kwamfuta.

Na biyu ya fi wuya. Shi ne auna abin da aka karanta. Ana koya wa ɗalibi tambaya uku. Wa ya rubuta? Yaushe ya rubuta? Daga wa ya ji?

Ga misali. Ɗalibi na son tarihin Damagaram zamanin Sarki Tanimun. Za a nuna masa littafin Barth, Bajamushen da ya sauka Zinder a ƙarshen 1852. Ya gani da idonsa, amma baƙo ne, kuma bai daɗe ba. Za a nuna masa littafin André Salifou, ɗan Zinder, wanda ya fito a 1971. Shi bai ga Tanimun ba, amma ya tambayi tsofaffi, ya karanta takardu. Sai ɗalibi ya gwama su. Inda suka dace, ya riƙe. Inda suka saɓa, ya ƙara nema.

Kai ma da ka koyi karatu, tambayoyin nan naka ne. Ba kowane rubutu ne gaskiya ba. In an kawo maka takarda, ko saƙo ya shigo cikin salula game da magani ko kuɗin taki, kada ka yi garaje. Tambayi wanda ya rubuta, da ranar da ya rubuta, da inda ya samo.

In kuma akwai takardun kakanni a gidanku, ka raba su da gara da ɗigar ruwa. Abin da gara ta ci, ba malamin da zai maido shi.