Mata a Tarihin Kiɗan Kantiri na Amurka

Kiɗan kantiri ya samo asali ne daga ƙauyukan kudancin Amurka, kuma tun farkonsa mata na ciki. A shekarar 1927, lokacin da Ralph Peer ya je garin Bristol ɗaukar waƙoƙi a faifai, cikin waɗanda suka amsa kiransa har da iyalin Carter. Sara Carter ce mai rerawa, Maybelle kuma na kaɗa jita. Salon Maybelle shi ne ta fitar da karin waƙar da babban yatsa a kan tsarkiyoyi masu kauri, sauran yatsun suna riƙe da amo, ta yadda jita ɗaya ke aikin makaɗa biyu. Har yau masu koyo suna kwaikwayon hannunta.

Duk da haka, kamfanonin faifai sun daɗe suna ganin muryar mace ba ta kawo ciniki. Kitty Wells ce ta ƙaryata su a 1952 da waƙar "It Wasn't God Who Made Honky Tonk Angels", martani ga wata waƙar Hank Thompson da ta ɗora wa mata laifin mutuwar aure. Wells ta ce mazan da ke cin amanar matansu su ne ummul haba'isin matsalar. Wasu gidajen rediyo suka ƙi sanya ta, amma sai da ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na kantiri, karo na farko ga mace ita kaɗai.

Patsy Cline ta kai kiɗan cikin birane kafin ta rasu a hatsarin jirgin sama a 1963, tana da shekara 30. Loretta Lynn, ɗiyar mai haƙar kwal daga Kentucky, ta fi kowa faɗin magana ba ɓoye-ɓoye. Waƙarta "The Pill" ta 1975, kan maganin tsarin iyali, ita ma ta sha takunkumi. Dolly Parton kuwa ta riƙe haƙƙin mallakar waƙoƙinta, abin da ya yi mata rana sa'ad da Whitney Houston ta sake rera waƙar Parton "I Will Always Love You" a 1992.

Mabuɗin kasuwar dai yana hannun rediyo. A 2003 tashoshi da dama suka daina sanya waƙoƙin ƙungiyar mawaƙa mata ta Dixie Chicks saboda sun soki Shugaba Bush kan yaƙin Iraƙi. A 2015 wani mai ba tashoshi shawara, Keith Hill, ya fito fili ya ce a rage waƙoƙin mata idan ana son masu sauraro.

Baƙaƙen fata sun fi shan wuya. Linda Martell ta hau dandalin Grand Ole Opry tun 1969, amma sai a 2024 baƙar fata mace ta fara zama ta ɗaya a jadawalin Hot Country Songs: Beyoncé, da waƙar "Texas Hold 'Em".