Kalmar da ke gindin warƙa

Duk wanda ya tashi a Magariya ko Dungas ya taɓa ganin alaramma ya kwance gafaka, ya buɗe tadarishi, ya fito da Alƙur'ani rubutun hannu. Warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, ba lambar shafi. Tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba sai da na zo jami'a ita ce: in iska ta watsa su, yaya ake maida kowace a mazauninta?

Amsar tana gindin warƙa. A bayan kowace, can ƙasa ta hagu, marubuci kan ajiye kalma guda ita kaɗai, wato kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba. Larabawa na ce mata ta'aƙiba, mutanen Magrib kuma raƙƙas. Ba karanta ta ake yi ba. Aikinta kawai ta ce maka: bayan ni, wance ce.

A ƙarni na 19, galibin takardar da malamanmu suka yi rubutu a kai daga Italiya take, mai alamar jinjirin wata uku in ka ɗaga ta a rana. Ta Tarabulus take shigowa, ayarin raƙuma ya keto hamada da ita zuwa Agadas, Damagaram da Kano. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram babban zango ne a wannan hanya. Takarda na da tsada, littafi ya fi ta tsada, don haka barin shi a sake dabara ce: malam na iya ba almajiri warƙa biyar ya je ya kwafa, saura na hannun wasu. Amma fa littafin da ake rarrabawa haka dole a san yadda za a harhaɗa shi. Kun ga ke nan abu biyu aka adana, rubutun da kuma tsarinsa.

Abin da ya sa na tuno da wannan, wani abokina ne mai karatun kwamfuta da ya yi mini bayanin manyan rumbunan bayanai irin na bankuna da kamfanonin waya. Ba na'ura ɗaya ba ce, garke ne na na'urori masu aiki tare, da fayafai barkatai. Akan yayyanka bayani guda a rarraba shi kan fayafai da yawa, dabarar da wasu masana uku na jami'ar Bakale a Amurka suka raɗa wa suna RAID a 1987. Sai kuma wani ɗan ƙaramin kundi da ke riƙe da tsari: sunan kowace na'ura, adireshinta, wane faifai ke tare da wane, wa ke da izinin buɗe me. In wannan ya salwanta, bayanan na nan lafiya lau, amma warƙoƙi ne da iska ta watsa. Shi ya sa rumbunan kamfanin NetApp, alal misali, suke kwafe tsarin da kansu kowace awa 8, da kullum, da kowane mako, kuma ake son a tura kwafi ɗaya wani wuri dabam, nesa da garken. Ranar da aka tashi gyara, tsarin ake fara maidowa, sannan na'urorin su gane juna.

Wannan magana ta "wuri dabam" ita ce ta fi tsaya mini a rai, don ita kalmar gindin warƙa tana da rauni: a jikin littafin take. Gara da ruwa daga gefe suke fara ci, daidai inda take zaune. Kuma in shafi goma duk da "ƙala" ko "wa" suka fara, wanne za ka ɗauka? Ga Alƙur'ani ba damuwa, kwafin tsarin yana kan mahaddata, ko gardi ɗaya ya isa ya jera shi. Amma waƙar ajami da wani malamin ƙauye ya tsara, wadda ba mai haddarta a yau fa? Mu masu nazarin harshe a nan muke shiga uku. Amsa-amo ba ya cetonka, tunda waƙar duka da harafi ɗaya take ƙarewa, sai ka ɗora baitin ƙarshe a tsakiya kana ta fassara abin da mai shi bai faɗa ba.

Tambutu ta ga wannan ƙuru-ƙuru. Da ƴan bindiga suka kame garin a 2012, Abdulƙadir Haidara da iyalai masu littattafai suka yi ta fitar da su a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako, dubban ɗaruruwa. A Janairun 2013 kimanin 4,000 daga na cibiyar Ahmad Baba aka ƙona ko aka sace. Labarin akwatunan kowa ya ji shi. Wanda ba a cika ba da shi ba, shi ne aikin shekaru da ya biyo baya: ba kowane littafi lamba, yi mishi kwalinsa, rubuta na gidan wa ne, ɗaukar hotonsa shafi bi shafi, a ajiye kwafin hotunan har a wani ɗakin karatu na jihar Minesota. Aiki ne mai gundura, amma ba don shi ba da tsibin takardu kawai aka tsirar.

Ni kaina na ɗanɗana. Bara na ɗauki hoton wani littafin kakana da waya, warƙa wajen sittin, ina ta murna. Don rubutun ya fito da kyau sai na riƙa matso da wayar, na yanke gefe da gindi. Da na kwashe hotunan zuwa kwamfuta suka cakuɗe, na duba in bi kalmomin gindi, ashe ni da hannuna na datse su. Mako biyu na yi ina ƙoƙari, goma sha ɗaya kaɗai na iya jerawa ba shakku. Littafin na can Dungas cikin gafakarsa. In an yi hutu zan koma in sake ɗauka, da gefen da gindin duka, in sa wa kowane hoto lamba, jerin kuma in rubuta shi a takarda in bar wa baffana kwafi ɗaya.