Sihiri da Farashinsa a Mangar Matasan Japan

Manga su ne littattafan labarai cikin zane na ƙasar Japan, waɗanda ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar rubutun ajami. Reshensu da ake kira "shonen" an tanade shi ne domin samari, kuma a nan labaran dodanni da tsafi suka sami gindin zama. Wanda ya bi tarihin fitattun ayyukan wannan reshe zai tarar cewa sau da yawa jarumi yakan rasa wata gaɓa ta jikinsa kafin labarin ya kankama.

Wannan jigo yana da nasaba da Yaƙin Duniya na Biyu. Shigeru Mizuki ya rasa hannunsa na hagu yana soja a tsibirin New Britain. Da ya koma gida, da hannu ɗaya ya zana GeGeGe no Kitaro, labarin yaro mai ido ɗaya da ke sasanta mutane da dodannin gargajiyar Japan. A shekarar 1967 kuma, Osamu Tezuka, wanda ya karanci likitanci kuma ya ga ruwan bamabamai a Osaka, ya fara Dororo. A ciki, wani basarake ya sadaukar wa shaiɗanu gaɓoɓi 48 na ɗansa domin neman mulki. Yaron ya tashi da gaɓoɓin aro, takubba ɓoye a hannayensa, kuma duk shaiɗanin da ya kashe sai gaɓa ɗaya ta dawo masa. Uba ya ci bashi, ɗa ke biya.

Hiromu Arakawa ta ɗora a kan wannan gado cikin Fullmetal Alchemist, daga 2001 zuwa 2010, juzu'i 27. 'Yan'uwa biyu sun yi yunƙurin tayar da mahaifiyarsu da ta rasu. Babban ya rasa ƙafa da hannu, ƙaramin ya rasa jikinsa baki ɗaya. Arakawa ta zana hannun ƙarfen Edward har da kusoshinsa, yana karyewa ana gyarawa, domin kada mai karatu ya manta da asarar. Dutsen tsafin da suke nema kuwa, da rayukan mutane ake haɗa shi. A ƙarshe Edward ya sallama sihirinsa gaba ɗaya, ya karɓo jikin ƙaninsa.

Ɗalibin adabi ya lura: abin da waɗannan marubuta suka ɗora wa matashin mai karatu shi ne tambayar wanda ke biyan kuɗin ƙarfi da mulki.