Diddige da Yatsa: Tarihin Ƙafar Direba a Ƙasar Rano

Duk wanda ya nemi tarihin ƙasar Rano a takarda, sarauta zai tarar da ganuwa da labarin Autan Bawo, da yadda aka ce Kano da Rano su ne sarakunan baba a cikin Hausa Bakwai. Wannan tarihi yana da masu kula da shi. Wanda nake nufin bi a nan ba shi da marubuci, domin a ƙafa aka ajiye shi, ƙafar kuma ta mutanen da ba a cika tambayarsu labari ba ce: direbobi da karnukan mota da suka yi ta hawa da gangara tsakanin duwatsun Rurum da Rano da Kibiya tun kafin a shimfiɗa kwalta. A ƙafar nan akwai wata dabara da masu tseren mota a Turai suka sa mata suna mai ma'anar diddige da yatsa. Mutanenmu ba su sa mata suna ba, yi kawai suka yi.

Sai an fahimci matsalar kafin a fahimci dabarar. Inji yana juyawa da nasa sauri, tayoyi da nasu, giya ce ke sasanta su. A ce mota tana tafiya a giya ta huɗu, injin yana juyi dubu biyu a minti ɗaya. Idan direba ya sauko giya ta uku bai rage gudu ba, dole injin ya tashi zuwa wajen dubu biyu da ɗari takwas kafin ya daidaita da tayoyin. In aka saki kuloci injin bai kai nan ba, sai motar ta yi fizga kamar an ja ta da igiya ta baya, a kan laka ko tsakuwa kuwa tayoyin baya na iya zamewa. Magani shi ne a ɗan taɓa totur a daidai lokacin da kuloci yake a take. To, amma wanda ya doshi kwana a gangara yana bukatar birki a wannan lokacin, ga kuloci, ga totur: abin takawa uku, ƙafa biyu. Sai ƙafar dama ta raba kanta. Tushen yatsu ya danne birki, diddige ko gefen ƙafa ya karkata ya zunguri totur sau ɗaya, hannu ya zura giya, ƙafar hagu ta saki kuloci. Duka a cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma nauyin da ke kan birki bai ƙaru ba, bai ragu ba. Wahalar duka a wannan sharaɗi na ƙarshe take.

Larura ce ta haifi dabarar, can inda aka ƙera mota. Giyabos na farko ba shi da abin da zai daidaita haƙoran ƙarfe kafin su haɗu, saboda haka direba ne ke daidaita su da kunne: ya taka kuloci ya mayar da giya firi, ya saki, ya zunguri totur, ya sake takawa, sannan ya shiga. Shi ne abin da direbobinmu ke kira dabul kuloci. A 1928 kamfanin Cadillac na Amurka ya fitar da giyabos mai zoben daidaitawa, bisa ƙirƙirar wani injiniya mai suna Earl Thompson, amma an ɗauki shekaru masu yawa kafin wannan sauƙi ya game manyan motocin kaya. Wasu motocin kafin Yaƙin Duniya na Biyu ma a tsakiya aka sa musu totur, tsakanin kuloci da birki, abin da yau zai jefa kowane direba a rami.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta bi shi. Da farko jakuna da raƙuma ne ke kawo buhuna daga ƙauyuka, daga baya manyan motocin Ingila irin su Bedford da Austin masu bodin katako suka karɓi aikin, har dalar gyaɗa ta tsaya a Kano a shekarun 1950 da 1960. Da yawa daga cikin motocin nan ba sa yafe kuskure. Wanda bai daidaita juyin inji ba, giyabos zai yi masa ƙara a gaban fasinja da 'yan kamasho, kowa a tasha ya san hannunsa bai nuna ba. Ko da Marsandi 911 ta zo da giyabos na zamani, dabul kuloci bai mutu ba, domin zoben daidaitawa yana cinyewa, lodi ya wuce ƙa'ida, kayan gyara kuma sai an je birni. Motar da aka ƙera don ta sauƙaƙa wa direba, bayan shekara goma a hanyar burji sai ta koma halin kakanninta.

Ƙasar arewacin Kano shimfiɗaɗɗiya ce, direba na iya yin rabin yini bai sauko daga giyar sama ba. Kudanci ba haka yake ba. Daga Bunkure aka doshi Rano ƙasa ta fara tashi, a Rurum Tsohon Gari kuwa duwatsu ne jibga-jibga kan juna, hanya tana lauje tsakaninsu. Wanda ya zarce ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Saminaka da Jos, gaba Hawan Kibo na jiransa, gangaren da ya ci rayuka da yawa. Birkin tsofaffin motoci idan aka daɗe ana danne shi a gangara sai ya yi zafi ya daina kamawa. Saboda haka ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce, da giyar da ka hau tudu da ita za ka sauka, inji ne zai riƙe motar, birki taimako kawai yake yi. Wanda ya makara bai sauke giya tun daga sama ba, sai ya sauke ta a tsakiyar gangara mota tana ƙara gudu, in giyar ta ƙi shiga ya zauna a firi da lodi a bayansa. A nan ne iya zungurar totur yake zama maganar rai da mutuwa.

Aikin madatsar ruwa ta Tiga, wanda gwamnatin Audu Bako ta kammala a 1974, ya kawo tifa-tifa da manyan injuna dab da Rurum, samari da yawa suka ga tuƙi kusa da kusa. A tsakiyar wannan aiki ne kuma aka yi wani sauyi da ya nuna inda ilimin yake zaune. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Sannu a hankali sitiyari ya ƙaura daga dama zuwa hagu, hannun da ke jan giya ya sauya, ido ya sake koyon auna gefen hanya. Jerin abin takawa kuwa bai motsa ba: kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama. Hannu da ido suka koma makaranta, ƙafa ta ci gaba da abin da ta sani.

Makarantar da ta koyar da wannan ba ta da allo. Yaro yakan shiga a matsayin karen mota, ya yi shekaru yana wanki da lodi da ɗaurin igiya, yana dirowa da gudu ya cusa weji ƙarƙashin taya duk sa'ad da mota ta tsaya a hawa. Ɗan Maraya Jos ya yi wa wannan rayuwa waƙa sukutum, bai kuwa yi ta a banza ba. Kawuna, wanda ya fito daga wannan makaranta ya kuma yi shekaru yana jigila tsakanin Rano da Kano, ya ce mini maigidansa bai taɓa yi masa bayanin giya ba. Abin da yakan yi shi ne ya juyo yana tuƙi ya ce, “Kai yaro, me injin yake cewa?” In ya amsa, “Oga, yana neman ta uku,” aka yi shiru, to ya ci. In bai ci ba, ranƙwashi ne. Ba na cikin masu yi wa wannan tarbiyya ado. Akwai duka a cikinta da yunwa da kwana a ƙarƙashin mota, akwai kuma iyayen gida da suka riƙe yaro shekaru da gangan don kada ya tashi ya bar su ba mai wanki. Amma kunnen da ta samar, babu makarantar tuƙi ta mako shida da ta samar da irinsa.

A babbar mota tazarar birki da totur da nauyinsu ba su cika barin ƙafa ɗaya ta haɗa su ba, don haka direban gingimari yakan rage gudu tukuna, ya ɗauke ƙafa, sannan ya yi dabul kuloci. Cikakkiyar dabarar diddige da yatsa a ƙananan motoci ta zauna, musamman Fijo 404 a-kori-kura da 504, wadda masana'antar Kaduna ta fara harhaɗawa a 1975. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dalilin da ya koya wa yawancin direbobin haya ita. Tsohuwar mota mai kafireta idan silo ɗinta ya lalace, da zarar an ɗauke ƙafa daga totur sai ta mutu, batir kuma ba shi da ƙarfin tayar da ita, sai fasinja sun fito turi. Direba ya iso shingen 'yan sanda ko mararraba, dole ya taka birki, dole kuma ya riƙe injin da rai. Sai yatsu su hau birki, diddige ya kwanta kan totur. Haka nan a tashi daga hawa idan birkin hannu ya daɗe da tsinkewa. Motsin da Ayrton Senna ya yi a filin Suzuka na Japan cikin Honda NSX, wanda aka ɗauki hoton ƙafarsa duniya take kallo har yau, shi ne dai motsin da direban a-kori-kura yake yi da silifa ranar kasuwar Rano, da buhunan masara da awaki a baya. Ɗaya yana neman rage daƙiƙa, ɗaya yana gudun kunyar turi.

Da na nemi Kawu ya koya mini, a fili ya fara, mota a tsaye, inji a kunne, giya a firi. “Danne birki, kada ka ƙara, kada ka rage. To, taɓa totur.” Kwana uku muka yi a nan kafin taya ta juya. Sannan ya ajiye kwanon sha cike da ruwa a ƙasa gaban kujerar fasinja, muka hau hanya daga huɗu zuwa uku, daga uku zuwa biyu. In birki ya ƙaru a lokacin zungurar totur, ruwa ya fantsama gaba. In totur ya gaza, ya sake fantsama. Ba ya magana, tabarmar motar yake dubawa.

Ƙarshen dabarar daga sama ya fara. A 1989 Ferrari ta shiga gasar Formula One da motar da ake sauya mata giya da yatsun hannu a bayan sitiyari, Nigel Mansell ya ci tseren Barazil da ita a fitarta ta farko, cikin 'yan shekaru takun kuloci ya bar gasar. A 2009 Nissan 370Z ta zo da kwamfuta mai zungurar totur da kanta idan an sauke giya. A wajenmu ta Kwatano abin ya biyo: motocin da aka gama yayinsu a Turai da Amurka, da yawansu masu sauya giya da kansu, suka cika kasuwa, babur da Keke Napep suka ɗauke samarin da a da za su shiga karen mota. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ta kawo tsari da takarda, abu ne mai kyau, amma jarrabawar lasisi ba ta tambayar abin da inji yake cewa.

Har yanzu motocin haya da na lodi da ke zirga-zirga tsakanin Rano da Kibiya da Kano yawancinsu masu giyar hannu ne, domin su bakanike ya fi iya gyarawa, su ne kuma ake iya turawa su tashi. A tashar Rano mai kunne zai iya rarrabe direbobi tun kafin su shigo. Wani motarsa takan yi tsalle ta yi gunji a kwanar ƙarshe. Wani kuma sai a ji ɗan gajeren kukan inji sau ɗaya, sannan na biyu, motar ta sulalo ta tsaya. Masu irin wannan shigowa galibi furfura ta cika musu gemu, kujerar da karen mota ke zama a gefensu kuwa yanzu fasinja biyu ake sayar wa ita.