Ajiye Kyanwar Daji a Gida: Bayani ga Jama'ar Amarawa da Kewaye

Garin Amarawa yana cikin Ƙaramar Hukumar Illela, dab da iyakarmu da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, a kan hanyar da fatake da dabbobi ke ratsawa dare da rana. Don haka muka ga ya dace mu faɗakar da jama'a game da 'ya'yan dabbobin daji dangin kyanwa, tun daga muzurun daji har zuwa damisa da zaki, waɗanda akan kamo a sayar wa masu sha'awar kiwo.

Halin dabbar

Hausawa na yi wa damisa kirari da "ƙi sabo", kuma wannan hali ya game danginta duka. Ɗan kyanwar daji yakan yi laƙwas yana ƙarami, amma da zarar ya girma sai ɗabi'ar farauta ta motsa, ya auka wa kaji da zabi da 'yan awaki, wani lokaci har yara. Abincinsa nama ne zalla, kuma yana bukatar fili mai faɗi. Cizonsa na iya sa ciwon haukan kare, wanda ba ya jin magani idan alamunsa suka bayyana. Bugu da ƙari, Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani a kan tsare kyanwa cikin yunwa.

Matsayin doka

Nijeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, kuma dukkan dangin kyanwar daji suna cikin jerin dabbobin da take karewa. Dokar tarayya ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana fatauci da zaki da damisa. Saboda haka tsallako da irin waɗannan dabbobi ba tare da takardar izini ba fasa-ƙwauri ne, wanda jami'an Kwastan da hukumar NESREA ke da ikon kamawa. A Nuwamban 2019 hukumomin Jihar Legas sun ɗauke wani zaki da aka ajiye a wani gida a unguwar Victoria Island, suka kai shi gidan namun daji.

Abin da ya kamata a yi

Kada a saya, ko da don tausayi, domin kuɗin shi ke mai da mafarauci daji. Wanda ya ga ana tallar irin wannan dabba, ko yake da ita a gida, ya sanar da mai unguwa ko hakimi, su kuma su kai maganar ga uban ƙasa da jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma. Kada a sake ta a bayan gari.

Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar don allurar rigakafi.