Sunayen Sassan Ginin Hausa da Abin da Suke Nunawa na Tarihi

Ginin ƙasa yana zubewa in damuna ta yi masa yawa, amma sunayen sassansa sukan daɗe a bakin magina. Saboda haka mai neman sanin hanyoyin da fasahar gini ta biyo zuwa ƙasar Hausa zai sami shaida a cikin waɗannan kalmomi.

Da farko akwai sunayen da Bahaushe ya raɗa daga abin da idonsa ya saba gani. Tsinin da ake ɗorawa a kusurwar soro ana kiransa zanko, kamar na kan zakara. Lanƙwasar da ke ɗauke da rufi ita ce bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki sai a ce ɗaurin guga, don kamarsu da igiyoyin gugan rijiya. Irin wannan aiki ya kai matuƙa a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846.

Sa'an nan akwai kalmomin aro. Tubali daga Larabci "ɗub" yake, taga kuwa daga "ɗaƙa". Wadda ta fi ba da haske ita ce hasumiya, daga "sauma'a". Wannan shi ne sunan da mutanen Magrib suke kiran wurin kiran salla, alhali a Masar "mi'zana" ake cewa. Ashe ke nan sunan hasumiyar Gobarau ta Katsina ya nuna cewa ta hanyar fataken Sahara kalmar ta iso. Bene kuma ana danganta shi da "beene" na harshen Zabarma da Songai, wato sama.

Bambancin karin harshe ma yana da nasa labari. Ɗakin shiga gida, wanda Zazzagawa da Katsinawa suke kira zaure, Bakano yakan ce masa soro. A wasu garuruwan kuwa soro kowane ɗaki ne mai rufin ƙasa. Haka shigifa, daga Larabci "saƙifa": a biranen Magrib mashigar gida ce, a nan kuwa ta koma ɗaki mai kusurwa huɗu. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana da yawa daga irin waɗannan kalmomi.

Tun da bulo da siminti da kwano suka shigo, sana'ar tsofaffin magina take ja da baya, kalmominta kuma suna binta. Aikin ɗalibai da ma'aikatan adana kayan tarihi ne su rubuta su gari gari, tun masu su suna raye.